Manna wa bango makarin zafi ta waje a Sakkwato: kuɗin zai dawo kuwa?

Abban Khadija

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gini. Gida ne marar bene a wajen Arkilla, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10, tsayin bango mita 3. Bulo mai rami ne inci 9, da filasta ciki da waje, fenti ruwan ƙasa. Rufin kwano ne, silin na POP, babu komai a tsakaninsu. Ɗakunan kwana biyu suna jikin bangon yamma, kowanne da AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Daga Maris zuwa Mayu bangon nan yana riƙe ɗumi har bayan isha'i, AC kuwa ba ya hutawa.

An ba da shawarar a manna wa bangon gidan duka farin soson nan, folistarin, mai kaurin milimita 50 ta waje, a rufe shi da raga da shafe kamar yadda ake yi a Turai. To su can sanyi suke tarewa, mu kuma zafi ne ya dame mu. Shin yana aiki a nan? Kuɗin da za a zuba zai dawo? Kuma yaya batun gara?

Injiniya Gwiwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yana aiki. Soson bai san sanyi ko zafi ba, abin da yake yi shi ne rage gudun zafi daga ɓangare mai ɗumi zuwa mai sanyi, ko ta ina ya biyo. Amma a gidan da ka siffanta, wanda ya ce a fara da bango ya tsallake babbar ƙofar da zafi yake shigowa.

Mu yi lissafi. Bangon bulo mai rami inci 9 da filasta yana barin kimanin wat 2.2 na zafi su ratsa kowane murabba'in mita, a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin waje da ciki. In an manna masa folistarin milimita 50, adadin yana sauka zuwa wajen 0.6, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Bangonka na yamma, in gefen mita 10 ne, murabba'in mita 30 ke nan. Da la'asar a watan Afrilu, iska tana sama da digiri 40, fuskar bango mai duhun fenti tana iya kai 55 ko fiye. Ka ɗauki bambancin digiri 30 da ɗakin da AC ya riƙe a 26: 30 sau 30 sau 2.2, kusan wat 2,000. Wannan shi ne iyakar sama, domin bulon yana shanye wani kaso ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare, shi ne ɗumin da kake ji bayan isha'i. Da soso zai koma wajen wat 500.

Yanzu dubi sama. Silin ɗinka murabba'in mita 120 ne. Kwano a tsakar rana yana iya wuce digiri 70, iskar da ke kulle tsakaninsa da silin ta kai 55 cikin sauƙi. POP siriri ne, kusan wat 2.5 yake bari. Bambanci da ɗaki digiri 29 ne, 120 sau 29 sau 2.5 ya ba ka wat 8,700. AC mai doki ɗaya da rabi wat 3,500 na zafi yake iya kwashewa, ka ga rufin kaɗai ya cinye aikin AC biyu da rabi. In an shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 100 a kan silin, 8,700 ɗin nan zai koma kimanin 1,200. Aiki ne na kwana ɗaya ko biyu, ba gam, ba raga, ba fenti, ba ruwan sama da zai taɓa shi. Shi ya sa ka'idar rage ɓarnar makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ɗora nauyin a kan rufi da girman tagogi.

Sharaɗi biyu a aikin silin. A tabbatar wayoyin lantarki suna cikin bututu kuma ba a binne fitilu masu zafi a ƙarƙashin audugar ba. Sannan a buɗe wa sararin sama hanyar iska, ƙofofi masu raga a ƙarƙashin bakin kwano da kuma a can sama, don zafin da ya taru ya samu mafita. In za a ƙara takardar gwangwani mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, fuskar mai ƙyallin ta kalli ƙasa da tazarar aƙalla milimita 25 na iska. In ta kalli sama, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta dushe ta.

Game da bangon kuwa, ban ga dalilin yi wa gidan duka ba. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, a watannin zafi rana tana bi ta kusan tsakar ka. Bangon kudu da na arewa, bakin kwano mai fitowar santimita 60 zuwa 90 yana yi musu inuwa mafi yawan wuni a wannan lokaci. Na gabas yana shan rana da safe lokacin da iska ba ta gama zafi ba. Na yamma ne mai laifi, domin rana tana dukansa kai tsaye daga ƙarfe uku, daidai lokacin da iska ta kai ƙololuwar zafi, kuma ta yi ƙasa yadda bakin kwano ba ya tare ta. Bangon gidanka duka, in an cire ƙofofi da tagogi, ya kai murabba'in mita 110. Na yamma 30 ne kacal, kuma shi zai ba ka riba mafi tsoka a kan kowace naira.

Baba Magini

Salamu alaikum. Injiniya, Allah shi ƙara basira, lissahinka daidai na. Ni abin da ka kashe wanga soso ƙasarmu za ni hwaɗi.

Gara ba ta cin shi, hanya taka yi ciki nai. In anka manna shi har ya taɓa ƙasa, to an gina mata matakala wadda ba mai gani, ta hau bayan shahe har ta isa katakon ruhi, ba a sani sai silin ya hwara zubo da ƙasa. Dole a bar aƙalla santimita 15 tsakanin ƙasa da gindin soso, wurin shi zauna hili, ido na ganin shi, a kuma yi ma gindin bango maganin gara kahin a hwara.

Na biyu, tauri. Shahen da aka yi bisa soso bai wuce kaurin milimita 5 ba. In bangon na kallon titi, mai kabu-kabu ya jingina mashin, awaki su yi susa, ɗiyan unguwa su buga ƙwallo, sai ka ga ya loɓa. Inda ya loɓa ruwan damana ya samu ƙohwa.

Na ukku, bulon kansa. Buhun siminti guda, bulo inci 9 wajen 25 zuwa 30 ya kamata shi ba da. Wasu masu bugawa suna ja har shi zarce 40. Irin wanga bulo ƙusa ba ta kama shi, in ka huda sai yashi shi zubo. A gwada ƙusa biyar ko shidda wurare daban, a ja da ƙarhi, kahin a sayi kaya.

Da ni anka tambaya, bangon inuwa za ni ce. A ɗaga wani bango na bulo inci 6 gaban na yamma, a bar tazarar santimita 10, a bar ƙohohin iska ƙasa da sama, a sa musu raga saboda ɓera da ƙadangaru. Rana ta daki na waje, iska mai zahi ta hita ta sama. Kowane magini garin ga ya iya shi, simintin kuma ga shi nan Kalambaina. In akwai hili, a dasa dogonyaro biyu, amma a ba harsashin gini mita huɗu zuwa biyar saboda saiwa. Kuma wanga henti ruwan ƙasa a canza shi zuwa hwari tun yanzu, ba ya jiran komi.

Gidajen ƙasa na cikin gari da aka yabo, sirrinsu kauri na. Bangon tubali mai rabin mita ko hi, da ruhin azara da ƙasa bisa, zahin rana ba ya isa ciki sai dare ya yi nisa, sa'ad da mutane ka kwana waje. Bulo mai rami ba shi da wanga nauyi.

Hajiya Mai Zanen Gida

Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganar gara da farin fenti babu abin cirewa. Farin bango yana shan kamar kashi 30 cikin 100 na zafin rana, mai duhu yana shan 70 zuwa sama, don haka fenti kaɗai yana rage wani abu mai yawa daga wat 2,000 ɗin Injiniya, matuƙar ana wanke jar ƙura ko ana sabunta shi. Inda zan ɗan ja kaɗan shi ne bangon inuwa. Rana yake tarewa, ba zafin iska ba. Iskar da ke bi ta tazarar nan ta waje ce, digiri 42 ne in gari yana 42. Ga gidan da ba AC, hakan ya wadatar. Ga ɗakin da ake son riƙewa a 26, saura bambancin digiri 16 da bulo zai ci gaba da shigo da shi, kuma soso ne kaɗai ke rage wannan.

Alhaji, tambayar da za ta yanke maka hukunci ita ce: awa nawa AC yake aiki a ɗakunan? Makarin zafi kamar kular abinci yake, abin da aka zuba a ciki shi yake riƙewa. Gidan da aka naɗe bangonsa amma rufi yana zubo zafi, tagogi a buɗe da rana, to ya fi da muni da dare, domin bangon da zai saki zafi zuwa waje an toshe shi. Wanda ba shi da AC ba zai amfana ba sai ya bi tsari: a rufe tagogi tun hantsi, a buɗe su duka bayan gari ya huce don iska ta ratsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu wannan yana aiki sosai. A Afrilu da Mayu kuwa daren kansa ba ya hucewa yadda zai sanyaya bulo, don haka ribar kaɗan ce. Irin wannan gida ba na ba shi shawarar soso, kuɗin ya tafi rufi da rumfa.

Akwai kuma zaɓin da ba a ambata ba, wato sa shi ta ciki. In ɗakin da dare kawai ake kunna masa AC, soso ta ciki da allon silin a kansa yana sa ɗaki ya yi sanyi da wuri, tunda na'urar ba sai ta sanyaya bulo ba. Ya fi arha, ba ruwan sama, ba awaki. Illarsa, yana cin santimita 6 zuwa 7 na ɗaki, kuma da an ɗauke wuta ɗakin yana ɗumama da sauri. Na waje yana barin bulon a ɓangaren sanyi, sai ya zama ma'ajiya: an ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, ɗaki yana iya jurewa na wasu awoyi. A garin da wuta ba ta da tabbas, wannan kaɗai hujja ce mai ƙarfi ga na waje.

Kada a manta da tagogin yamma. Gilashi ɗaya mai mita 1.2 sau 1.2, in rana ta dake shi da la'asar, yana shigo da wat 700 zuwa 800. Tagogi biyu sun kusa kamo bangon duka. Labule ba ya magani, zafin ya riga ya shigo kafin ya same shi. Inuwar ta waje ake so, ko dai ƙyaure mai fiffike ko allunan tsaye.

Mai Sola Runjin Sambo

Bari in taɓa gefen kuɗi, ranka ya daɗe. AC mai kyau yana kwashe kusan yunit uku na zafi da yunit ɗaya na wuta. In aka baje zafin bangon yamma a kan awa 24 na watan zafi, bambancin digiri 14 ne a matsakaici. Soso yana rage wat 1.6, sau murabba'in mita 30, sau 14, sau awa 24: yunit 16 na zafi, wato kamar yunit 5 na wuta a rana ga mai kunna AC dare da rana. Mai kunnawa da dare kawai ya sa rabin haka ko ƙasa da haka. Wannan lissafin misali ne, fenti da inuwa za su canza shi.

Sai ka ga nawa kake sayen yunit. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, zuwa naira 225 kafin a ɗan sassauta, wanda ke wannan layi yana biyan sama da naira 200. Yunit 5 sau kwana 150 na tsananin zafi ya ba da 750 a shekara. Mai janareto yana biyan fiye da haka nesa ba kusa ba, tunda litar dizal yunit uku take bayarwa in injin yana da lafiya, ƙaramin na fetur kuma bai kai haka ba. Ka karɓi kuɗin aikin a rubuce, ka raba shi da abin da za ka tsira da shi a shekara. In ya fita shekara biyar zuwa bakwai, ka yi. In ya haura goma, ka tsaya a rufi da fenti da inuwa.

Ga mai sola abin ya fi daɗi. Batir mai ruwa 200Ah yunit 2.4 ne a takarda, rabi ake ja in ana son ya daɗe. Rage yunit biyu da rabi na dare daidai yake da rage batir biyu, su kuma batura ana sake su bayan 'yan shekaru, musamman a zafin Sakkwato da ke gajarta musu kwana.

Abban Khadija

Allah ya saka muku da alheri. Na fahimta: silin da farko, sai farin fenti da inuwar tagogi, a ga yadda bazara ɗaya za ta kasance, sannan bangon yamma kaɗai. Injiniya, in an zo nan, wane kaya ake saye kuma me zan sa wa ido a wurin masu aiki?

Injiniya Gwiwa

Na murabba'in mita 30 zan ba ka, Alhaji. Allon folistarin mita 1 sau rabin mita ne, guda 60 ake buƙata, ka sayi 65 saboda yanka. Ka nemi mai nauyin kilo 15 zuwa 20 a kowane kubik mita, wanda aka sa wa maganin rage kamun wuta, ba irin na cikin kwalin firij ba. Gam ɗin siminti ne na musamman mai haɗin roba, buhu mai kilo 25: kusan 6 na mannawa, 6 na shafe. Ragar zaren gilashi mai jure siminti, giram 145 zuwa 160 a kowane murabba'in mita, nadi ɗaya na mita 50 ya isa har da ninki. Ƙusar roba mai faffaɗan kai guda 200, tsawon milimita 110 zuwa 120, don ta ratsa soso da gam da tsohuwar filasta ta shiga bulo aƙalla milimita 30. Sai ƙarfen gindi da allon farko zai zauna a kai, da sandunan kusurwa masu raga.

A fara da ƙwanƙwasa bangon. Duk inda filasta ta yi ƙarar rami a fasa a gyara, a kankare fentin da ke ɓarewa, a wanke ƙura. Sabuwar filasta sai ta yi kwana 28. A ɗaura ƙarfen gindi a miƙe, santimita 15 sama da ƙasa kamar yadda Baba ya ce. Gam a zagaye bakin allo da shi, a ƙara dunƙule uku a tsakiya, ya kama aƙalla kashi 40 cikin 100 na bayan allon. Masu gaggawa dunƙule kawai suke sawa, sai a bar rami a baya wanda iska da gara da wuta duk za su bi. A jera allunan kamar bulo, gaɓa ba ta hawa kan gaɓa, kuma kada gaɓa ta faɗa daidai kusurwar taga, a yanka allo ya rungumi kusurwar. Giɓi tsakanin alluna da sirin soso ake cikewa, ba da gam ba, in ba haka ba layin zai fito a fenti.

Bayan kwana biyu a huda a sa ƙusa, shida a kowane murabba'in mita, a ƙara a kusurwoyi. A kashe bugun injin huda, juyawa kawai, don kada fatar bulo ta farfashe ta ciki. Sannan shafe: a shafa gam, a nutsa raga a ciki tun yana ɗanye, a sake shafawa, jimilla milimita 4 zuwa 5, ragar tana kusa da fuskar waje amma ba a ganin ta. Raga ta hau kan 'yar'uwarta santimita 10. Kowace kusurwar taga a ƙara mata guntun raga santimita 20 sau 30 a karkace, domin nan tsagewa take farawa. Daga ƙasa zuwa tsayin mita 2 a ninka ragar, shi ne amsar mashin da awakin Baba. A bar shi kusan mako guda kafin shafen ƙarshe, kuma launin ya zama fari ko mai haske. Fenti mai duhu a kan soso yana iya kai digiri 70, folistarin kuwa yana fara laushi kusa da 80.

Babban abin da ke lalata aikin nan a wurinmu shi ne magini ya ce gam ɗin ya yi tsada, ya kwaɓa siminti da yashi ya yi filastar da ya saba a kan soso. Ba ta kamawa, tana da nauyi, bambancin zafin rana da dare zai tsattsaga ta ta faɗo falle-falle. Na biyu, lokaci. Gam ɗin ba ya son sama da digiri 30 ko rana kai tsaye, yana bushewa kafin ya yi ƙarfi. A yi aikin bayan damina, daga asuba zuwa ƙarfe sha ɗaya kafin rana ta juyo yamma, a rataya tamfol ya tare iskar hunturu. Soson da ya kwana biyu a rana har ya yi rawaya, a goge garin da ke kansa kafin shafe.

Wuta kuma ba abin wasa ba ce. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rai 72, ta jikin kayan da aka lulluɓe bangon waje da su ta hau, ko da yake tsarinsu daban ne da wannan. Folistarin yana narkewa yana ci, fetur da tinar tsinka fenti ma suna narkar da shi. Kada salansar janareto, murhu ko wurin ƙona shara su kusanci bangon. In kicin yana jikinsa, a sa allon audugar dutse a wannan yanki da kuma saman tagogi, faɗin santimita 20, ita ba ta cin wuta.

Bakin taga zai koma ciki da kusan santimita 6, don haka a sa sabon dandamali da ya fito santimita 3 zuwa 4 gaban shafe, da tsaga a ƙasansa don ruwa ya ɗiga. Saman soson a rufe shi da kwano in bakin rufi bai rufe shi ba, a bi duk mahaɗa da silikon. Ƙafar AC, dish da bututun ruwa, a cire su kafin aiki, a mayar da dogayen kusoshi da suka shiga bulo, da guntun bututun ƙarfe a matsayin tazara don kada a matse soson in an ɗaure. Kafin kowace damina a zaga a duba silikon da wuraren da suka loɓa, a kuma duba tazarar gindin nan ko gara ta ja layin ƙasa a kanta.